Lafiyar Malami Tana Hannun Abokan Aikinsa

Tun da muka shigo kwaleji a ke koya mana yadda za mu kula da lafiyar yara. A ce mu duba farcensu da haƙoransu da safe, mu tabbata akwai ruwan sha mai kyau, mu sallami mai zazzaɓi ya tafi a yi masa magani. Wannan duka daidai ne. Amma akwai mutum ɗaya a makaranta wanda ba a cika tambayar lafiyarsa ba sai ran da aka ga yaransa suna ta surutu, ba kowa gaban allo, watau malamin kansa. A kansa na ke so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai waɗanda za mu fita ba da jimawa ba, da malamanmu, da sauran ma'aikatan kwaleji duka.

A zamanin nan ma'aikatu da yawa, a ƙasarmu da ƙasashen waje, suna da abin da a ke kira shirin kula da lafiyar ma'aikata. Nufinsa shi ne wurin aiki ya taimaki ma'aikaci ya tsare lafiyarsa tun cuta ba ta kwantar da shi ba: a auna masa jini, a gwada sukari, a yi masa bayani a kan abinci da taba da giya, a ba shi zarafin motsa jiki. Kowa ya ji wannan sai ya ce madalla, gama rigakafi ya fi magani. To, amma kowa kuma ya san yadda irin wannan shiri ya kan ƙare. A manna takarda a allon sanarwa, a gayyato ma'aikacin asibiti ya yi lacca, a tafa, a sha lemo, a ɗauki hoto. Bayan mako biyu takardar ta koɗe, kowa ya koma halinsa na dā.

Kada wani ya ce ai halin mutanenmu ne. A Amurka, inda kuɗin yin abin ba ya yankewa, an gwada shi gwaji mai kyau. A 2016 Jami'ar Illinois ta fara wani shiri ga ma'aikatanta, mutum kusan 5,000 suka shiga binciken. Aka raba su da ƙuri'a: waɗansu aka ba su damar awon lafiya da darussan motsa jiki da na daina shan taba, har da ladan kuɗi in sun zo, waɗansu kuwa aka bar su yadda su ke. Da masana suka buga sakamakon a 2019, sai aka ga kuɗin da ɓangarorin biyu su ke kashewa a asibiti kusan ɗaya ne, fashin aiki saboda ciwo kuma bai ragu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayanin waɗanda suka amsa gayyatar. Yawancinsu mutane ne waɗanda tun kafin shirin su ke kula da kansu, suna motsa jiki, ba su cika zuwa asibiti ba. Wanda aka yi shirin dominsa, shi ne ya zauna a ofishinsa bai zo ba. Watau an kai ruwa rijiya, an bar gona tana ƙuna.

Me ya hana shi zuwa? Ba rashin sani ba ne. Babu malamin da bai san taba tana cutarwa ba, ai mu ne mu ke rubuta wa yara haka a allo. A ganina dalilin shi ne mutum ba ya sake hali domin takarda ta ce ya sake. Ya kan duba na kusa da shi tukuna. In waɗanda ya ke zama da su kullum suna yin abu, abin ya zama mai sauƙi gare shi. In ba sa yi, shi kaɗai ya tashi zai yi, sai ya ji kamar ya sa rigar biki ran kasuwa.

Ku dubi ɗakin malamai na kowace makarantar firamare a ƙasar Ham, ko Kwoi, ko Nok, ko wani ƙauye na kewaye. Mutum goma ko goma sha biyu ne, kowace ranar aiki suna tare, shekara da shekaru. Waɗansu sun fi ganin juna da rana bisa ga yadda su ke ganin iyalinsu. A ɗakin nan a ke yanke abin da za a saya a ci in an tashi tara. A nan a ke gaya wa mai ciwon kai sunan ƙwayar da zai saya a kemis. A nan kuma a ke shirya inda za a biya ran da albashi ya shigo. Sabon malami ya zo ba ya shan kome, bayan shekara biyu ka same shi a rumfar burkutu tare da sauran, ba domin wani ya tilasta shi ba, sai domin can hirar ta ke. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, hanyar da mugun hali ya ke bi ya shiga ɗakin malamai, ita ce kuma kyakkyawan hali zai bi.

An auna wannan ma. Akwai wani gari a Amurka wai shi Framingham, inda likitoci su ke bin lafiyar mutanen garin tun 1948, iyaye da 'ya'ya da jikoki. Waɗansu masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, suka ɗauki bayanan mutum 12,067 daga 1971 zuwa 2003, suka bi wane ne abokin wane, wane ne ɗan'uwan wane, su wa ke aiki tare. A 2008 suka nuna cewa mutane ba sa daina shan taba ɗai-ɗai, ƙungiya-ƙungiya su ke dainawa. In matar mutum ko mijinta ya daina, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha ta kan ragu da kashi 67 cikin 100. In aboki ne, kashi 36. In abokin aiki ne, kashi 34, amma wannan a ƙananan wuraren aiki kaɗai aka gan shi, inda kowa ya san kowa. Makarantar ƙauye kuwa irin wannan wuri ce sosai. Gaskiya ne waɗansu masana sun yi gardama, sun ce mai yiwuwa ne tun farko masu hali ɗaya ne su ke neman juna su yi abota, don haka ba duka ne ya zama kwaikwayo ba. Gardamar tana da ƙarfi a kan abokai. A kan malamai kuwa ƙarfinta ya ragu, gama ba mu ne mu ke zaɓen abokan aikinmu ba, takardar ofis ce ta ke haɗa mu.

Akwai wani tsohon gwaji wanda na fi so, domin ya shafi sana'armu ta tsayawa gaban mutane muna magana. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu nama ya yi wuya a Amurka, gwamnati tana so matan gida su riƙa dafa kayan ciki, irin su zuciya da ƙoda. Ku ji abin dariya, abin da mu ke rububinsa wurin mahauci, su ƙyamarsa su ke yi. Wani masani mai suna Kurt Lewin, wanda ya baro Jamus a 1933, ya tara mata ƙungiya-ƙungiya. Waɗansu aka yi musu lacca mai daɗi, aka bayyana amfanin naman ga jiki, aka ba su hanyoyin dafa shi. Waɗansu kuwa aka bar su suka tattauna da junansu, kowace ta faɗi abin da ke hana ta, ko wari, ko tsoron maigida ya ƙi ci, sa'an nan a ƙarshe aka ce wadda za ta gwada a makon nan ta ɗaga hannu. Da aka bi sawu, cikin waɗanda suka ji lacca kashi 3 cikin 100 ne suka dafa. Cikin waɗanda suka yi shawara tare suka ɗaga hannu gaban juna, kashi 32. Ilmin da aka ba su ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne waɗannan sun ga hannun maƙwabciyarsu a sama, maƙwabciyar kuma ta ga nasu.

Mu a nan ba ma bukatar Bature ya koya mana wannan, gama muna da shi a gona. Wanda ya tashi a ƙasar citta ya san aikin da ke cikinta: kaftu, da shuka, da ɗaukar ciyawa a rufe gonar, da cire haki da hannu, da tono, da tsagawa, da shanya. Mutum ɗaya ba ya iyawa, shi ya sa a ke gayya. Ba a manna takarda domin gayya, ba a kuma biyan kowa ladan zuwa, amma da sassafe za ka ga mutane sun hallara. Dalili kuwa, an san ranar, an san waɗanda za su zo, in ba ka zo ba za a ga gurbinka, gobe kuma gonarka ce. Haka adashi ya ke. Malamin da ba ya iya ajiye naira ɗari a aljihunsa ta kwana, za ka ga yana zuba adashi shekara guda bai yi fashi ba, domin uwar adashi tana da littafi, sauran kuma suna jira. Haka kuma Zumuntar Mata a coci, ko 'yan kwamitin masallaci: abin da ya ke riƙe su shi ne rana tsayayya, da mutane sanannu, da ido a kan juna. Shirin lafiyar da aka kawo daga ofis ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, shi ya sa ya ke mutuwa.

Na ga yadda a ke ɗora shi a kansu sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta kusa da Kwoi. Malaman wurin suna da adashi, suna taruwa a ɗakin malamai ran da za a kwashe. Uwar adashin wata dattijuwar malama ce mai koyar da aji ɗaya, kowa yana ce mata Mama, har hedimasta. An gaya mini a shekarar da ta wuce wani abokin aikinsu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, sai a asibiti aka ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Bayan wannan Mama ta ce a cire wani abu kaɗan daga kowane zubi, aka sayi na'urar awon jini mai batir, irin wadda a ke ɗaura wa a dantse. Ba ta kira taron lafiya ba. Ran adashi kawai ta ajiye na'urar kusa da littafin kuɗi, ta naɗe hannun rigarta, ta auna kanta gaban kowa tukuna.

Ran da na ke wurin, tsohon maigadin makarantar ya leƙo zai karɓi mabuɗi. Mama ta ce, "Baba, shigo ka zauna, yau kai ne na biyu."

Ya ce, "Haba Malama, ni da ba na ciwon kome, me za a auna? Jiya ma ni kaɗai na yi kunya ashirin."

Ta ce, "Ai shi ma wancan a gona ya faɗi, Baba. Zauna ka huta kaɗan, ni ma ka ga yanzu na gama."

Ya zauna. Da ya zauna kuwa, wani malami wanda ya ke ta duba littattafan yara kamar bai ji ba, ya ajiye jan birai ya matso. Ni ma aka ce, "Ɗan kwaleji, kawo hannunka," na ce, "To, Mama."

Abubuwa biyu na lura da su. Na farko, ba wanda ya ke fashin ran adashi, saboda haka ba wanda ya ke fashin awo. Wanda ba zai taɓa zuwa lacca ba, ga shi zaune, gama kuɗinsa suna kan tebur. Na biyu, ba hedimasta ne ya ja abin ba. Da shi ne ya ba da umurni, da an yi sau ɗaya domin girmamawa, an bari. Mun ji labarin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, yadda aka bi layi aka share gari muddin ana tsoron bulala. A kowane wurin aiki akwai wanda a ke jin maganarsa ba domin muƙami ba: wanda a ke kai wa ƙara in an yi faɗa, wanda a ke aika wa gidan makoki a madadin kowa. Wani lokaci mace ce, wani lokaci masinja ne ko direba. Wanda ya ke so shirin lafiya ya kama ƙasa, wannan mutum zai fara nema, ya shawo kansa, sa'an nan ya koma gefe.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa na ke ta ambaton hawan jini ban ce a fara da guje-guje ba. Shirye-shiryen da a ke kwafowa daga ƙasashen waje an yi su ne domin mutanen da su ke wuni kan kujera, su hau mota su koma gida. Malamin Kwoi kuwa in an tashi makaranta gona ya ke nufa. Ka ce masa ya zo ya yi tsalle-tsalle a fili da yamma, dariya zai yi maka, da gaskiyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, mai noman citta ya wuce wannan tun ran Talata. Waɗanda maganar ta shafa su ne ma'aikatan ofis da malaman gari, irin na Kafanchan, waɗanda ko nan da can sai a kan acaɓa. Su in mutum uku suka yi alkawarin takowa tare, minti 30 a kwana biyar na mako, lissafin ya cika. Amma hawan jini bai bar manomi ba, bai bar na ofis ba. Rahoton hukumar nan na 2023 ya ce babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba, gama yawanci ba ya ciwo, ba ya ba da alama, sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Cutar da ba ta ciwo, ba abin da zai kai mai ita asibiti sai wani mutum.

Abin da ke ƙara shi kuma yawancinsa a gaban juna mu ke yinsa. Gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi da burodi da yajin tsire. Malami ɗaya ba zai iya ce wa mai sayar da abinci a bakin makaranta ta rage gishiri ba, sai ta ce ya tafi wani wuri. In su goma suka faɗa tare, ranar za ta rage, ta ƙara daddawa. Haka ƙwayoyin ciwon jiki da a ke miƙa wa juna bayan aikin gona, irin su diclofenac da ibuprofen: shansu kullum yana ta da jini, yana cin ciki, yana lalata ƙoda. Daga bakin abokin aiki a ke koyon sunansu, daga bakinsa kuma za a fi jin a bari.

Sai dai kada mu ɗauka ƙarfafa juna kaɗai ya isa. A birnin Los Angeles wani likita mai suna Ronald Victor ya yi gwaji a shagunan aski 52, da baƙaƙen fata maza 319 masu hawan jini, aka buga sakamakon a 2018. Ya zaɓi masu aski ne domin mutum ya yarda da mai askinsa, yana kuma zuwa wurinsa a kai a kai. A waɗansu shagunan mai aski ya riƙa ƙarfafa mutum ya gyara cimarsa ya je ya ga likita. A waɗansu kuwa mai aski ya haɗa shi da masanin magunguna wanda ya ke zuwa shagon, ya auna shi, ya rubuta masa magani da yardar likitansa. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jinin mutanen farko ta sauka da wajen 9, ta na biyun kuwa da 27. Abota ce ta kawo mutum kan kujera, amma magani ne ya saukar da jinin. Saboda haka ƙungiyar malamai ba asibiti ba ce. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake shi wata rana dabam ya nuna haka, aikin abokan aiki shi ne su ga mutumin ya isa babban asibitin Kwoi, ko na Kafanchan, ko ƙaramin asibitin da ke kusa, wani ya riƙe masa ajinsa ran nan, wani ya kai shi a babur. Bayan wata uku kuma, sa'ad da ya ji garau ya ce ya warke zai ajiye ƙwayoyin, a sami mai ce masa maganin hawan jini ba a ajiye shi sai likita ya ce. Ina girmama cittarmu, ita ta biya wa da yawa cikinmu kuɗin makaranta, amma shayin citta da tafarnuwa ba su maye gurbin maganin nan ba.

Akwai wurin da abin kirkin nan ya kan juye ya zama mugunta, wajibi ne kuwa a tsare shi tun farko. Idon jama'a da ke kawo mutum gayya, shi ne kuma ya ke kunyata shi. In aka fara kiran lambar kowa da ƙarfi, ko aka yi wa mai ƙiba ba'a, ko aka manna sunayen waɗanda ba su zo ba, waɗanda suka fi bukatar abin su ne za su fara gudu. A makarantar da na faɗa, Mama kaɗai ke faɗin nata awon a fili. Na kowa, a rubuta masa a 'yar takarda ya sa a aljihu, ba a kuma ajiye littafin awo a ofishin hedimasta. Zuwa awo na jama'a ne, sakamako na mai shi ne. Gwajin ciwon hanta ko na ƙanjamau kuwa, abokan aiki suna iya yin alkawari su tafi tare domin tsoro ya ragu, amma a asibiti za a yi shi, abin da aka gaya wa mutum a ɗaki kuma ba na ɗakin malamai ba ne. Ma'aikacin da ya ji cewa ciwonsa zai iya kai wa kunnen mai rubuta rahoton aikinsa, ba zai sake miƙa hannu ba, ba kuwa zan ga laifinsa ba.

Maganar giya ta fi wuya. Wa'azi a ɗakin malamai ba ya hana mashayi sha, sai dai ya sa ya daina shigowa ɗakin. Abin da na ga yana ɗan aiki shi ne a ba shi wata hira a madadin waccan, wani ya ja shi gona ko filin ƙwallo ran albashi, ko a sa a zuba adashi da safe tun kuɗin ba su bi ta rumfa ba. Tun da ya ke kuma ma'aikatanmu Kirista ne da Musulmi, a duba lokacin kowa, kada a sa tafiyar ƙafa da tsakar rana cikin azumi, ko taro ran Lahadi da safe.

Ga shugabanni kuma ina da 'yar magana, cikin ladabi. Ranku ya daɗe, ƙungiyar ma'aikata ba ta ɗauke muku naku nauyin ba. Ba a ce wa malamin da ke da yara cike da aji har bakin ƙofa ya rage damuwa. A 2023, da cutar ruɓa ta cinye gonakin citta a Jaba da Kachia da Kagarko, malamai da yawa sun yi hasarar abin da su ke cike giɓin albashi da shi, ba kuwa awon jini ne zai mayar musu ba. Ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da albashi a kan lokaci, da izinin zuwa asibiti ba tare da an yanke wa mutum kome ba, waɗannan na mai ba da aiki ne. Jihar Kaduna ta kafa hukumar inshorar lafiya, KADCHMA, a 2018, dokar ƙasa ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. A nan ma abokan aiki suna da amfani, gama da yawa ba su san asibitin da aka rubuta su ba, ko abin da katinsu ya ƙunsa, sai wanda ya taɓa amfani da nasa ya nuna musu hanya.

Mu ɗalibai, in mun fita, mu ne ƙanana a ɗakin malamai, ba kuwa a son yaro ya zo jiya ya fara gyara wa manya zama yau. Kada mu shiga da takardun kwaleji muna lacca. Mu zauna wata ɗaya ko biyu mu ga wa a ke ji, mu ga wace rana ce kowa ya ke zuwa ba a kira shi ba. Sa'an nan mu sami dattijon ko dattijuwar a keɓe, mu kawo maganar kamar tambaya, mu ɗauki aikin da ya dace da ƙarami, watau koyon yin awon daidai. Mutum ya zauna minti biyar tukuna, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, dantsensa a kan tebur daidai da ƙirji. Kada ya sha taba ko shayi ko ya ci goro cikin rabin sa'a kafin awon, kada kuma ya yi magana sa'ad da na'urar ta ke aiki. A auna sau biyu, da minti ɗaya ko biyu a tsakani. In akwai mai kaurin dantse a nemi babban maɗauri, gama ƙarami ya kan nuna lamba fiye da gaskiya, ya tsorata mutum a banza.

Ran 17 ga Mayu kowace shekara ita ce Ranar Hawan Jini ta Duniya, makarantar da ke neman ranar farawa tana iya ɗaukarta. Sai dai a ƙasarmu ta faɗo cikin shukar citta da ɗaukar ciyawa, lokacin da ba malamin da zai tsaya minti ɗaya bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. A yi shi da tara. Kuɗin batir kuma a sa shi cikin lissafin adashi tun farko, sau ɗaya a shekara a kai na'urar asibiti a gwada ta da tasu.